Malamar Gidaje da Soron Bakura

Duk wanda ya taɓa gayyatar Malama Raliya gidansa a Talata Mafara ya san halinta. Za ta yi sallama, a shimfiɗa mata tabarma, ta fara gaisuwa yadda ya kamata, ina kwana, ina gajiya, ina yara, ina hidima, amma kafin a kai ƙarshen gaisuwar idonta ya riga ya haye sama yana bin rufin ɗaki kusurwa-kusurwa. Matan unguwarsu sun daɗe da sabawa. In sun ji za ta zo barka ko duba mara lafiya, sai a yi maza a share yana, a jawo labule a rufe inda bango ya tsage. Duk a banza, don ba za ta tashi ba sai ta ce, cikin murmushi, a duba indararon bayan ɗaki kafin ruwa ya sauka. Mijinta Tukur, mai sayar da taki da irin shinkafa a bakin kasuwa, yakan ce ranar da aka kai masa ita amarya ma rufin ɗakin ta fara kallo kafin ta kalle shi, kuma har yau bai tabbatar da wanda ya fi burge ta a cikinsu ba.

Ba shisshigi ba ne, aikinta ke nan. A kwalejin kimiyya da fasaha ta garin take koyarwa, a sashen da ake horar da masu kula da gidaje da filaye. Ɗalibanta da suka gama, wasu suna ma'aikatar gidaje a Gusau, wasu sun buɗe ofis suna riƙon shaguna da ɗakunan haya na mutane, har da wanda ke lura da wani dogon bene a Abuja, kullum in ya kira waya sai ya ce mata lif ɗinsu ya sake tsayawa. Ta gyara rufin mutane da yawa da baki kawai. Rufi ɗaya ne ya gagare ta, kuma shi ne ya fi damunta a duniya: rufin soron mahaifinta, Malam Dikko, a Bakura.

Raliya 'yar fari ce. A gidajen malamai irin nasu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Malam Dikko bai taɓa kama sunanta ba tun da aka raɗa shi. In dole ta kama sai ya ce "waccan", in ta shigo gaishe shi sai ya duƙufa a kan littafin da ke gabansa ya amsa a taƙaice, kamar da shafin yake gaisawa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, ita ma ta sani. Dabinon da ya fi kyau a cikin wanda ake kawo masa tsaraba ita ake aika wa, sai dai ba za a taɓa cewa daga wurinsa ya fito ba.

Da aka yaye ta sai aka kai ta Faru, wajen kakarta ta wajen uwa, Gimbiya. Tsohuwa ce mai ƙarfin hali da son tsabta, irin waɗanda in ana daɓe a unguwa su ke riƙe madaɓi na gaba. A hannunta Raliya ta koyi jiƙa makuba, ta koyi yaɓe, ta san bambancin ƙasar da ke riƙe bango da wadda ruwa ɗaya zai wanke. Duk shekara, da zarar ruwan farko ya ɗauke, Gimbiya takan ja hannun yarinyar su zagaya gidan, tana dafa bango da tafin hannu, tana leƙa bayan rumbu, tana tsokano ciyawar da ta toshe indararo da kara. Sauran yara na can suna wasa a cikin kwatami, ita tana biye da tsohuwa tana koyon inda ɗanshi ke ɓuya. Ba ta taɓa jin an cuce ta ba, don ita abin daɗi yake yi mata.

Ta yi allo, ta yi boko, ta sauke, ta gama sakandare. Da takardar shiga kwaleji ta fito, baffanta aka aika ya nemo mata izni, ya dawo da kalma biyu daga bakin Malam: ta je. Bayan nan ne wani almajirinsa ya tambaye shi wane fanni take karantawa a Mafara, ya ce shi dai ya ji an ce karatun karɓar haya ne. Maganar ta zagayo har kunnenta. Ta yi dariya tare da masu dariya, amma ta shige ta, ta zauna. Ta gama karatun, ta ƙaro wani, aka ɗauke ta koyarwa a inda ta yi ɗalibta, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, maganar nan tana nan inda take.

Wataƙila shi ya sa ajinta ya bambanta da na kowa. Tana koyar da dokar haya da yadda ake ƙiyasta darajar gida da rubuta yarjejeniya, duk yadda manhaja ta tsara. Amma darasinta na farko kullum sallama ce. Takan ce wa sababbin ɗalibai gidan da za a ba su riƙo ba bulo da kwano ba ne kawai, akwai mutane a ciki, kuma mutanen nan Hausawa ne. Ka tsaya a zaure ka tambayi magidanci lafiyar gida, zai ce maka lafiya lau, sai godiya, ko da rabin katangar ta zube, don yana jin nauyin mai gidan, ko kuma don shi da sassafe yake fita. Wadda ta san gaskiya tana ciki, ita ce ke jawo gado daga jikin bango ta jera robobi in hadari ya taso, kuma namiji ba shi da hanyar isa gare ta. Saboda haka ba ta fita da ɗalibai duba gida sai ta haɗa su biyu-biyu, mace da namiji. Shi ya ji da zaure da bayan gida da rufi, ita ta shiga ciki ta zauna a tabarma, ta sha ruwa, ta yi wa jariri wasa, ta lura da inda aka ajiye robobin.

A shekarar da wannan labari ya faru, cikin 'yan ajin ƙarshe akwai biyu da ta fi sa wa ido. Ɗaya Humaira, 'yar Maradun, ba ta da yawan magana, amma in ta yi tambaya sai malami ya gyara tsayuwa. Ɗayan Yasir, ɗan Janbako, dogo, mai fara'a, wanda ƙafarsa ke riga tunaninsa isa ko'ina. Shi ne a fitarsu ta farko, a wani gidan haya bayan tasha, ya ga tsani jingine, bai yi shawara da kowa ba ya haye rufi. Ya manta abin da ko yaron magini ya sani, cewa namiji ba ya hawa sama sai an aika maƙwabta an ce mata su kimtsa. Yana miƙewa tsaye sai ga shi yana kallon tsakar gidan mutane, mata na wanki ba mayafi. Wata tsohuwa ta wurgo masa muciya, ta kuwa same shi a ƙwauri. Ranar Malama Raliya ta wuni tana ba da haƙuri daga wannan zaure zuwa wancan. Ba ta kayar da shi ba. Hukuncin da ta yanke masa shi ne, daga ranar duk gidan da za a hau, shi zai bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ya nemi izni. 'Yan ajin suka sa masa suna Mai Tsani, ya karɓa da hannu biyu.

Ana cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, aka yi suna a gidansu na Bakura, matar ƙaninta Khalil ta haihu. Da azahar Malam ya tafi masallaci, sai mahaifiyarta, Inna Taibatu, ta miƙa mata kwanon fura ba tare da ta dube ta ba, ta ce a ajiye a soro. Rabon Raliya da shiga soron nan tun tana budurwa. Ɗaki ne na ƙasa tsakanin zaure da cikin gida, kakanta ya gina shi, a nan Malam yake karantar da manyan ɗalibai, a nan yake ƙailular rana, a nan kuma yake kwana. Littattafai ne jere a jikin bango, wasu na bugu, wasu rubutun hannun kakan nata a cikin gafaka. Ta ajiye furar, ta ɗaga kai kamar yadda ta saba, sai ta ga abin da ba ta so gani ba.

Azarar tsakiya ta yi ciki. Gara ta yi mata hanya daga wannan kai zuwa wancan, ga tsaga ta taso daga kusurwar gabas ta gangaro har bayan littattafan, ga tabon ruwan bara shimfiɗe a sama. A daidai ƙarƙashin azarar buzun Malam yake da matashinsa. Ba ta buƙatar awo. Rufin ƙasa in ya sha ruwa nauyinsa ninkuwa yake, kuma wannan azara ba za ta ɗauki damina guda ba. Ta fito, ana ta guɗa da rabon tuwo, ita ba ta san me ta ci ba.

Da ɗan haya ne, ko wani attajiri, da a tsaye za ta gaya masa ta wuce. Amma yaya 'yar fari za ta tsaya gaban Malam Dikko ta ce masa ɗakin ubansa ya lalace? Ko ta yi ta maza ta buɗe baki, shi ba zai tsaya ya ji ba, kunya za ta sa ya miƙe ya bar mata wurin. Sai ta bi ta hannun Khalil, wanda yake ɗan tsakiya ne, yana iya zama da Malam har su yi raha. Khalil ya je ya dawo yana sosa ƙeya. Malam ya ce masa, "Soronga ya ga damina tun ba a haihi uwarka ba. Ku ƙyale min shi." Ya ƙara da cewa ya ga abin da aka yi wa soron maƙwabcinsa, 'ya'ya suka zo da sunan gyara suka rushe shi, suka kafa wani akwatin bulo da kwano wanda mutum ba ya iya zama cikinsa da rana.

Ta koma kan Tukur. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ta bar masa. Ya sa babbar riga ya hau babur ya tafi Bakura. Da ya dawo da la'asar ta tare shi tun a ƙofa. Ya ce sun gaisa ƙwarai da gaske, Malam ya tambayi yara, sun taɓa zancen ruwan madatsar Bakolori da yadda shinkafar rani ta yi bana, an kawo masa fura mai kyau. Ta ce azarar fa? Ya ce ya gan ta, lallai ta yi ciki, har ya matsa gefe don kada ya zauna a ƙarƙashinta. Amma dai ta yi masa adalci, ina suruki ya ga bakin cewa da surukinsa ɗakinka zai rushe? Haushi ya kama ta, dariya kuma ta ci ƙarfinta, ta yi duka biyun a lokaci guda.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Iska ta juya, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma yana watsewa. Manoma na murna, Raliya kuwa duk sanda ta ji ƙanshin hadari sai soron nan ya faɗo mata a rai. Tana tsaye gaban allo tana bayanin yadda ake tsara gyaran gida kafin damina, zuciyarta na kan buzun nan da matashi. Tsoro take ji ƙwarai, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Humaira ce ta buɗe mata hanya ba da saninta ba. Wata rana bayan darasi ta ce, Malama, duk gidajen da muke zuwa na siminti ne, alhali a Maradun da ƙauyukanmu rabin abin da za a ba mu riƙo ginin ƙasa ne, yaushe za mu ga na ƙasa? A da Raliya takan kai ɗalibai har Faru su ga irin wannan gini, amma tun da hanyar ta zama sai da addu'a ta daina. Tana shirin ba ta wannan amsa sai wata dabara ta faɗo mata. Ta tuna abu ɗaya da duk Bakura ta sani game da mahaifinta: bai taɓa mayar da mai neman sani ba. Ko yana cin abinci, ko yana zazzaɓi, in aka ce ɗalibi ne a ƙofa, sai ya ce a shigo da shi.

Khalil ya kai saƙo cewa wasu ɗalibai daga Mafara suna roƙon a ba su tarihin soron da yadda magabata ke gini. Amsa ta dawo a ranar, cewa su zo ranar Alhamis da hantsi, tun da ba a karatu.

A cikin mota ta ja musu kunne. Ta gaya musu gaskiya, cewa gidansu ne, kuma Malam mahaifinta ne, ita ba za ta shiga tare da su ba. Babu wanda ya tambayi dalili, duk 'ya'yan Hausawa ne. Ta ce kada wanda ya kuskura ya furta kalmar lalacewa ko rushewa. Su gaisa, su zauna, su yi tambaya, su saurara. Fatanta shi ne in Malam yana nuna musu ginin da hannunsa, idonsa zai faɗa kan abin da ya daɗe yana kauce wa gani. Ta dubi Yasir musamman, ya dafa ƙirji ya ce yau ko tari ba zai yi ba sai da izni.

Soron yana da 'yar taga da ke kallon cikin gida. A ƙarƙashinta Raliya ta zauna, ta jawo faifan zogale tana taya Inna Taibatu tsinkewa. Inna ita ma ta matso da kujerarta.

Gaisuwa kawai ta ɗauki lokaci, don sai da Malam ya tambayi kowane ɗalibi garinsu da gidansu, ya kuwa san kakan kusan kowa. Daga nan ya shiga bayani, muryarsa ta sake, irin yadda Raliya ba ta taɓa jin ta a kusa haka ba. Ya faɗi yadda mahaifinsa ya sa aka yi tubali a bakin fadama, yadda aka ɗauko azara a kan raƙuma daga dajin giginya, yadda ake jera ta a shimfiɗa zana a bi da ƙasa, a shafe da makuba. Ya ce su taɓa bangon su ji sanyi, alhali waje rana na ƙuna. Ɗalibai suna ta tambaya, shi kuwa daɗi ya kama shi. Sai dai ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya nuna ƙofa da alkuki, bai ɗaga hannu ya nuna sama ba ko sau ɗaya. Raliya ta gane ya san komai, sani na haƙiƙa, kallon ne ba ya so.

Sai ta ji muryar Yasir yana neman izni ya hau rufin ya ga yadda aka yi indararo. Malam ya ce ga tsani can a zaure. Yasir ya ce to, amma a ba shi yaro ya raka shi gidajen da ke kewaye tukuna, ya yi sallama ya shaida musu namiji zai hau sama.

Malam ya ce, "Kai, ɗan Janbako, wa ya koya maka wagga?"

"Malamarmu ta, Allah shi gafarta Malam. Da ita da wata tsohuwa mai muciya."

Ɗalibai suka tuntsire, suka ba shi labarin, Malam ya yi dariya har da tari. Da ya natsa sai ya ce shi ya ɗauka haya kawai ake koya musu karɓa. Yasir ya ce ai haya ita ce ƙarshen abin da ake koya musu, malamarsu cewa take wanda aka ba riƙon gida an ba shi amanar mai gida da ta wanda ke kwana ciki. A bayan taga Raliya ta ci gaba da tsinke zogale, har da wanda ta riga ta tsinke.

Yasir ya hau ya sauko, bai ce komai ba, ya cika alkawari. Ziyara ta zo ƙarshe, an fara haramar addu'a, kuma ba a taɓa zancen azara ba. Raliya ta fid da rai. Dabararta ta burge tsoho, amma ba ta matsar da buzunsa ko taki ɗaya ba.

Nan ne Humaira ta yi gyaran murya.

"Allah shi gafarta Malam, ina da tambaya, ba ta gini ba. Mutum na anka ba amanar gida. Yag ga azara ta kusa karyewa bisa kan mai kwana ƙarƙashinta. Amma mai ɗakin babba na, shina jin nauyinai ƙwarai. Shi yi magana, ko shi yi kurum?"

Raliya ta ɗago kai. Ba ita ta sa Humaira ba, ba ta ma yi tunanin haka ba. Inna Taibatu ta tsaya cak da ganye a hannu.

Malam Dikko kuwa an zo gidansa. Tambaya irin wannan ita yake amsawa tun kafin a haifi iyayen yarinyar, kuma bai iya amsa ta da son rai ba. Ya ce kunya abu ce mai kyau, tana cikin addini, amma ba ta kai ran mutum ba. Wanda ya ga cuta za ta auka wa wani ya yi shiru don jin nauyi, in abin ya faru da hannunsa a ciki.

"To, Malam," in ji Humaira a hankali, "ga ta nan bisa kanka."

Raliya tana jin kukan kurciya a kan katanga. Ta tabbata yau ta jawo abin da za a daɗe ana faɗa a gidan, ta turo yara sun kunyata tsoho a ɗakinsa. Can sai ta ji ya sauke numfashi, ya ce tun da aka ce masa ɗaliban Mafara ne ya san da wata a ƙasa. Ya ce ya fi su sanin azarar nan, shi yake kwana yana jin gara na cinta. Abin da ba ya so shi ne a rushe ɗakin da ubansa ya gina a kafa masa tanda.

Yasir ya manta da alkawarinsa, kuma gara da ya manta. Ya ce ai malamarsu ba ta yarda a rushe ginin da zai gyaru, har maki take ragewa in ɗalibi ya rubuta a rushe. Bangon nan lafiyarsa lau in ban da tsagar gabas, ya duba daga sama. Azara za a sauya, a buɗe indararo, a sake zana da ƙasa da makuba, soro ya koma yadda yake.

"Haka tac ce?"

"Haka take koya muna, Malam."

Sa'an nan Malam ya ce, da murya wadda ta ɗan fi ta ɗazu ƙarfi, kamar mai son ta fita ta taga, "To, ku gaya ma malamarku ta yi yadda tag gani."

Inna Taibatu ta dubi 'yarta ido cikin ido, abin da ba ta saba ba, ta yi wani ɗan murmushi, ta karɓe faifan daga hannunta don ta ga zogalen ya fara jiƙewa da hawaye.

Aiki ya kankama a makon. Aka samo tsofaffin magina daga Birnin Tudu waɗanda hannunsu bai manta azara ba. Azarar ce ta yi wuya, giginya ta yi ƙaranci yanzu, amma Tukur ya wanke laifinsa, ya bi ta kan manoman da ke sayen taki wurinsa har aka samo masu kyau. Ɗalibai suka kwashe littattafai zuwa zaure, Malam na tsaye a kansu yana faɗin wanda za a ɗauka da alwala. Da aka sauke tsohuwar azarar, magini ya sa mata ƙafa sai ta ruguje kamar busasshen kara. Malam ya dubi azarar, ya koma zaure. Raliya tana zuwa duk bayan darasi, ta tsaya daga cikin gida tana aika Humaira da abin da za a gaya wa magina. Hadari ya yi ta yi musu barazana, ya yi yayyafi sau ɗaya ya ba su tsoro, amma bai sauka sosai ba sai da makuba ta bushe.

Ran da ya sauka kuwa, ya sauka da gaske, tun daga hantsi har bayan azahar. Yana ɗaukewa ta ɗauki Humaira da Yasir suka nufi Bakura. Garin duk ƙanshin ƙasa, yara na tsalle a ruwa, indararon soron na ɗiga na ƙarshe. Ta shige cikin gida kamar kullum ta bar su su duba. Ba a jima ba Yasir ya aiko Humaira. Malam ya ce ba zai mayar da littattafansa ba sai malamarsu ta shigo da kanta ta duba.

Ta gyara mayafi, ta tsaya a bakin ƙofar soron ta yi sallama. Malam yana zaune a kan buzunsa, ba littafi ko ɗaya a ɗakin da zai duƙufa a kai, sai ya sa ido a kan carbinsa. Ita kuma ta ɗaga kai sama, yau ɗabi'arta ta yi mata rana. Ta bi sababbin azarun ɗaya bayan ɗaya, ta bi kusurwar gabas, ta dafa bango da tafin hannu yadda Gimbiya ke yi. A bushe yake. Ta daɗe tana kallon rufin fiye da yadda aikin ke buƙata, don in ta sauke kai abin da ya cika mata ido zai zubo.

Tsakaninta da mahaifinta bai fi tsawon tabarma ba. Ta juya wajen Humaira ta ce, "Ki ce ma Malam ya yi. A maido littattafai."

Humaira ta maimaita, tana danne dariya. Malam Dikko ya gyaɗa kai, ya ja carbi, ya juya wajen Yasir.

"Ka ce ma Malama na gode. Allah shi yi mata albarka."

Yasir ya buɗe baki zai isar da saƙo, sai ya dubi fuskarta ya ga ya riga ya isa. Ya fita ɗauko littattafai.